Kafin a Sauke Inji, a Fara Auna Shi: Yadda Ake Gwada Matsin Silinda a Motar Fetur

Akwai wata magana da ke saurin fita daga bakinmu, mu masu gyaran mota a garin nan: "Alhaji, injin nan fa ya gaji." Mai mota zai zo da kukan cewa motarsa tana karkarwa a sulo, ko ba ta jan hawa kamar da, ko tana shan baƙin mai. Sai a cire fulogi ɗaya, a toshe ramin da babban yatsa, a ce wa yaro ya buga kik. In iska ta ture yatsan da ƙarfi, a ce da sauransa. In ba ta ture sosai ba, an yanke hukunci ke nan, sai lissafin ringi da gasket, ko a ce a nufi Ƙofar Ruwa a ɗauko wani injin.

Yatsa kuwa ba ya bambance matsin bar 7 da na bar 12 (bar ma'aunin matsin iska ne). Duka biyun ture shi za su yi, alhali na farko inji ne mai ciwo, na biyu kuma lafiyayye. Na sha ganin injin da aka kwance shi ƙasa-ƙasa, aka baje kayan cikinsa a kan kwali, daga baya aka gane koyil ɗaya ne ya mutu. Mai motar ya biya kuɗin aiki, ya yi mako guda yana hawa A Daidaita Sahu, kuma injin da kamfani ya ɗaure bai sake komawa yadda yake ba. Abin da zai hana wannan asarar awo ne na ƙasa da awa ɗaya, da gejin da kuɗinsa bai kai na aikin sauke inji sau ɗaya ba. A gareji muna ce masa gwajin kwamfireshan. Mai mota da ya iya canza fulogi zai iya yin sa a ƙofar gidansa.

Abin da ake aunawa

Kowace silinda a injin fetur tana aiki ne a taki huɗu. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, fulogi ya ba da wuta su fashe su tura shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Takin na biyu shi ne namu. Kafin matsi ya samu, dole ɗakin da ake matse iskar ya rufu ruf ta wuri uku: ringin da ke jikin fistin su kama bangon silinda, bawul na shigar iska da na fitar hayaƙi su zauna daram a mazauninsu, gasket ɗin da ke tsakanin bulok (gangar jikin inji) da tof (kan inji, inda bawul da fulogi suke) kuma ya riƙe. Ko'ina aka samu kafa a cikin ukun nan, iska za ta gudu, fashewar ta yi rauni. Geji zai nuna maka ko tana gudu da kuma a wace silinda. In ka iya karanta shi, har ƙofar da take bi zai nuna maka.

Kayan aiki

Geji iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai kan roba da ake dannawa a bakin rami da hannu, akwai mai tiyo da ake ɗaurawa kamar fulogi. Sayi mai ɗaurawa. Mai dannawa yana zubar da iska da zarar hannunka ya motsa, kuma ba ya kaiwa ga ramuka masu zurfi irin na Corolla da Accord. Duba cewa saitin ya zo da kawuna daban-daban, domin yawancin motocinmu tiredin fuloginsu milimita 14 ne, amma sababbi da yawa sun koma 12. A fuskar gejin za ka ga psi da bar, wani lokaci da kPa. Bar 1 daidai yake da psi 14.5, ko kPa 100. Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai har ka gama.

Sai soket ɗin fulogi, wanda galibi lamba 16 ne, tsofaffin motoci 21, wasu sababbi 14. Ka tanadi sirinji ko ɗan butar mai, baƙin mai mai tsabta kaɗan, biro da takarda, da mutum ɗaya da zai zauna a kujerar direba.

Wannan geji na fetur ne kawai. Matsin injin dizal ya ninka na fetur sau biyu ko fiye, zai lalata shi. Motocin haibirid ma ba a buga musu kik irin wannan, a bar su ga wanda ke da kwamfutarsu.

Shiri, inda yawancin kuskure ke faruwa

Fara da batir. Gudun da kik ke juya inji yana cikin abin da ke samar da lambar da za ka gani, har littafin Toyota ya ce a tabbatar injin yana juyi 250 a minti ko fiye lokacin awo. Batir mai rauni zai ba ka lamba mai kyau a silinda ta farko, kafin ka kai ta huɗu ya gaji, sai ka ɗora wa ta huɗun laifin da ba nata ba. In kana shakka, haɗa wani batir ɗin da waya. Duba baƙin mai ma, kada a yi ta juya inji alhali ya yi ƙasa.

Ana awo ne inji na da ɗumi, domin ƙarfe yana buɗewa da zafi, ringi su kama yadda suke kamawa a kan hanya. Amma nan akwai tarko. Tof ɗin yawancin motocin yanzu alminiyam ne, kuma fulogin da ya shekara a ciki, in ka murɗe shi da ƙarfi inji na tafasa, zai iya fitowa da tiredin ramin a jikinsa. Yadda nake yi shi ne, tun inji na sanyi nake sassauta kowane fulogi, in sake ɗaure shi sama-sama. Sannan in tayar da mota ta yi zafi har fanka ta tashi, in kashe, in ba ta minti goma ko sha biyar. Wannan dabara tana da riba ta biyu: ɓarɓashin kabon da ke ɓallewa lokacin da aka sassauta fulogi zai fita ta salansa, maimakon ya maƙale a bakin bawul ya ba ka lambar ƙarya. Motar da ta ƙi tashi sam, a auna ta a sanyi, sai dai a tuna lambobin za su ɗan yi ƙasa.

Kafin fulogi ya fito, busa ramin. A Kano wannan ba abin wasa ba ne. Bayan hunturu, ramin fulogi yakan tara ƙura da yashi, kuma duk abin da ke ciki silinda zai faɗa da zarar ka zare. Iskar kwamfiresa ta fi, ko famfon keke ma ya yi. In ka tarar da baƙin mai kwance a ramin, gasket ɗin murfin sama ne ke yoyo. Tsane shi da tsumma tukuna, domin in ya gangara ciki zai ɗaga lambar wannan silindar.

Yanzu kashe wuta da mai. A motar da kowane fulogi ke da koyil ɗinsa a kansa, cire soket ɗin kowane koyil ka ajiye su gefe. A mai distirbuta irin tsohuwar Golf, cire ƙaramin soket ɗin da ke kai wuta koyil, kuma ka sa wa wayoyin fulogi lamba kafin ka zare su. Barin koyil yana harba wuta ba inda za ta je yana ƙona shi, kuma tartsatsi kusa da ramin da ke feso tururin fetur gobara ce. Ta ɓangaren mai, cire soket ɗin nozul (masu fesa fetur cikin inji) duka, ko ka zare fiyus ɗin famfon mai tun mota na aiki ka bar ta ta mutu da kanta. In ka bar nozul suna feshi, fetur zai wanke man da ke bangon silinda, lamba ta faɗi, sauran kuma ya gangara cikin baƙin mai.

Cire fulogi duka, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Da ramuka a buɗe inji ya fi juyawa da sauri, kuma in gasket ya fashe tsakanin silinda biyu za ka gani ƙarara. Jera su a kan kwali bisa lambar silinda. Ta farko galibi ita ce wadda ke ɓangaren bel, inda fulin inji yake. Kalli kan kowanne: mai ruwan ƙasa-ƙasa lafiya, mai baƙin maiƙo yana nuna mai na hawowa, wanda kuma ya fita fes kamar an wanke shi alhali 'yan'uwansa na da datti, ruwa ke shiga silindarsa.

Giya a firi, ko a P in mai canza kanta ce, a ja burkin hannu. Naɗe hannun riga, in da babbar riga a cire ta. Bel ba ya jira.

Awon kansa

Ɗaura gejin a silinda ta farko da hannu kawai, har robar bakinsa ta zauna. Kada sifana ta taɓa shi. Lura da tsawon kan da ka sa, kada ya fi na fulogin da ka cire, domin fistin zai iya dukansa.

Wanda ke ciki ya take totur har ƙasa ya riƙe. Mutane da yawa suna mantawa da wannan, alhali in ƙofar iska na rufe silinda ba za ta cika ba, abin da ba ta zuƙa ba kuwa ba za ta matse ba. A mota mai kafireto a taka sau ɗaya a riƙe, kada a yi ta famfo, don kowane taki yana watsa mai. A motocin da totur ɗinsu na lantarki ne, ƙofar ba lallai ta buɗe ba in an cire wasu fiyus. Kada ka tura ta da sukundireba. Bar ta yadda take a duk silindar, ka san dai lambobin za su ɗan ragu baki ɗaya.

Ya buga kik, kai kuma idonka na kan allura. Za ta yi tsalle-tsalle, kowane tsalle matsi ɗaya ne. Riƙe lambar tsallen farko a ka. Ƙirga har biyar ko shida, lokacin da allura ta daina hawa, ka ce ya saki. Daƙiƙa biyar zuwa bakwai sun isa, kuma kada a wuce goma sha biyar a bugu ɗaya, kik zai yi zafi. Mota mai maɓalli takan ci gaba da juyawa da kanta, sai a sake danna maɓallin a tsayar da ita. Rubuta lambar farko da ta ƙarshe, ko ka ɗauki hoton gejin da waya. Danna ɗan maɓallin da ke sakin iska har allura ta koma sifiri, ka wuce ta biyu. Yawan tsallen da ka ƙirga a ta farko, shi za ka ƙirga a duka. Wadda ta ba da lamba mara kyau, maimaita ta kafin ka yarda.

In allura ta hau sannan ta riƙa sulalewa ƙasa da kanta, ba injin ba ne, ɗan bawul ɗin da ke bakin tiyon gejin ne ke yoyo. Kamarsa ɗaya da na tayar mota, amma sifirin ɗinsa ya fi laushi. In ka sa na taya a madadinsa, gejin zai riƙa karanta ƙasa da gaskiya.

Karanta lambobi

Lafiyayyen injin fetur yakan ba da tsakanin bar 10 zuwa 14, wato wajen psi 145 zuwa 200. Littafin Toyota na Corolla mai inji 1.8 da Camry mai 2.4 na shekarun 2000 ya sa mafi ƙarancin abin karɓa kusan bar 10, kuma kada bambanci tsakanin silinda da silinda ya wuce bar 1. Honda ta fi sassauci a Accord mai 2.4, ta yarda da bambancin bar 2. In ba ka da littafin motarka, ƙa'idar da aka saba da ita ita ce kada mafi ƙasa ta gaza mafi sama da fiye da kashi 10 cikin 100. In mafi sama psi 180 ce, to duk wadda ta kai 162 tana cikin sahu. Abin da ya yi ƙasa da psi 100 kuwa, a kusan kowace motar fetur ta zamani, ciwo ne.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: Kano tana sama da teku da kusan mita 480, iskarmu ta fi ta Legas sauƙi. Inji ɗaya, geji ɗaya, abin da zai nuna a nan zai gaza na bakin teku da wajen kashi 5 cikin 100. Ƙara da cewa geji masu araha ba su cika yarda da juna ba. Shi ya sa ni na fi ba da ƙarfi ga yadda silindar suka jeru da juna fiye da lambar ita kanta. Injin da ya ba da 150, 148, 152, 150 ya fi kwantar min da hankali kan wanda ya ba da 190, 188, 150, 192. Na farko ya tsufa ne tare, zai yi ta tafiya. Na biyu yana da rauni a wuri ɗaya, kuma raunin ba tsayawa zai yi ba.

Tsallen farko ma magana yake yi. A lafiyayyar silinda yakan kai rabin lambar ƙarshe ko fiye, cikin tsalle uku ko huɗu an kusa ƙurewa. In ya fara ƙasa sosai yana hawa da kaɗan-kaɗan har ya taru, ringi ake zargi. In ya fara ƙasa ya ƙi hawa, hankali ya koma kan bawul.

Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare, kuma lambobinsu kusan ɗaya, kamar ta biyu da ta uku su nuna 60 da 62, gasket ne ya ƙone a siririn wurin da ke tsakaninsu, iska tana fita daga wannan ta shiga waccan. Wannan shi muka fi gani daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mota ta tsaya a cunkoso fanka ba ta aiki, lagireto kuma cike da ruwan rijiya da ya toshe shi da tsatsa. Direba ya ga allurar zafi ta hau ya ce bari dai in ƙarasa gida. Ƙarasawar nan ita ke lanƙwasa tof.

In duka suka yi ƙasa daidai wa daida, kada ka yi saurin cewa inji ya ƙare. Tambayi mai motar: a hankali ƙarfin ya ragu, ko dare ɗaya? In dare ɗaya ne, ko bayan an yi wani aiki a gaban inji, duba taimin. Bel ko sarƙar da ta tsallake haƙori tana sa bawul su buɗe ba a kan lokaci ba, duk silindar su faɗi tare. In kuwa a hankali ne cikin shekaru, to cin ringi da bango ne, kuma a garin nan babban mai laifi ƙura ce: filtar iska da aka yi ta busawa ana mayarwa har ta yage, ko tiyon iska da ya tsage aka naɗe da leda.

Sifiri ko kusa da shi a silinda ɗaya yana nufin ƙofa a buɗe take: bawul ya ƙone ko ya lanƙwashe, ko fistin ya huje. In bel ɗin taimin ya tsinke mota na gudu, a injina da yawa fistin yakan daki bawul, sai ka ga sifiri a fiye da ɗaya. Motar da ta shiga ruwa da damina ta mutu a ciki, aka tayar da ita daga baya tana karkarwa, silinda ɗaya kuma ta ragu ba tare da wani yoyo ba, a yi zargin kwanrod, wato sandar da ke tura fistin, ya lanƙwashe, fistin ba ya kaiwa sama.

Lambar da ta zarce ta littafi sosai ita ma ba abin murna ba ce. Kabon ne ya taru ya rage faɗin ɗakin, ko mai ko ruwa na kwance a ciki.

Gwajin baƙin mai

Da ka sami silinda mai rauni, zuba mata baƙin mai cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, wajen mililita 5, ta ramin fulogi. A juya inji sau biyu ko uku ba geji don man ya bazu, sannan a ɗaura a sake awo. Man yana toshe kafar da ke tsakanin ringi da bango na ɗan lokaci, amma ba ya iya toshe bawul ko gasket. Saboda haka in lamba ta yi tsalle sosai, kamar daga 105 zuwa 150, ciwon a ƙasa yake, ringi ne ko bango. In ta tsaya inda take, ko ta ƙaru da biyar ko goma kawai, ciwon a sama yake. Kada ka zuba da yawa. Mai ba ya matsuwa, yawansa zai ɗaga lamba ko da ringi lafiya suke, in ya yi yawa ƙwarai ma zai iya yi wa inji illa.

Bambancin nan shi ne kuɗin. Wani direban haya mai lodin Zariya daga Unguwa Uku ya taɓa kawo min motarsa, an riga an ce masa sai sabon inji, har ya fara neman rance. Silinda uku sun ba da lamba mai kyau, ta uku a jeri ta tsaya ƙasa da rabinsu, na zuba mai ba ta motsa ba. Tof kaɗai muka ɗaga. Bawul ɗin hayaƙi ɗaya ne gefensa ya ƙone ya tsage. Aka canza shi, aka yi garandin sauran, aka sa sabon gasket, ƙasan injin ko taɓa shi ba mu yi ba.

Inda geji zai iya ruɗar ka

Kafin ka ɗaga tof saboda bawul, duba tazarar bawul in injin irin wanda ake saitawa ne, kamar na Honda da yawa. Bawul ɗin hayaƙi yakan matse da tsufa har ya kasa rufewa sosai. Saiti kawai zai dawo da matsin in an kama da wuri, in an bari kuwa ƙonewa zai yi. Masu mayar da mota kan gas tun bayan cire tallafin mai a 2023 su riƙa lura da wannan, domin gas ya fi fetur wahalar da mazaunin bawul.

Motar da aka yi ta bugawa ta ƙi tashi har fetur ya cika ta, matsinta kan faɗi ƙasa warwas, kik ya riƙa juyawa fayau kamar ba fulogi. Fetur ne ya wanke bango. Ɗan baƙin mai a kowane rami da busassun fulogi sukan tayar da ita. Haka motar da ta daɗe a ajiye, a bar ta ta yi aiki ta yi zafi kafin a yanke mata hukunci.

Akwai kuma cututtukan da geji ba ya gani. Inji zai iya shan baƙin mai alhali matsinsa lafiya lau, domin ringin da ke share mai daban yake da masu riƙe matsi, kuma man da ke hawowa ma taimaka wa lambar yake yi. Shuɗin hayaƙi da safe kawai, wanda ke ɗaukewa bayan ɗan lokaci, ya fi kama da robobin wuyan bawul. Ƙaramin yoyon gasket zuwa hanyar ruwa zai iya wucewa ba a gani ba, alamarsa ruwa na raguwa ba ɗigo a ƙasa, tiyon lagireto na yin tauri da wuri, kumfa na tasowa. Ƙarar metal a ƙasan inji kuwa ba ruwanta da wannan awo.

In kana son tabbaci kafin ka kwance ko da noti ɗaya, akwai gwaji na gaba. A juya inji da hannu har fistin ɗin silindar ya kai ƙololuwa a takin matsi, bawul duka a rufe, a tura iskar kwamfiresa ta ramin fulogi, a kasa kunne. Cire sifanar da ka juya inji da ita tukuna, domin iska na iya tura fistin ta wulwulo ta. Huci ta bakin salansa, bawul ɗin hayaƙi. Ta wajen totur, bawul ɗin iska. Ta murfin zuba baƙin mai, ringi, kodayake ɗan huci kaɗan a nan kowane inji na yi. Kumfa a lagireto ko iska ta ramin maƙwabciya, gasket ko tsagewar tof.

Mayar da kaya

Fara ɗaura kowane fulogi da hannu, da soket da sandarsa kawai, har ya zauna. In ya yi tauri tun zagaye na farko ko na biyu, ya hau tiredi a karkace, warware ka sake. Sabon fulogi mai wasa (zoben ƙarfen da ke gindin tiredinsa), bayan ya zauna, wajen rabin zagaye ake ƙara masa. Wanda aka taɓa ɗaurawa kuwa wasansa ya riga ya matse, ɗan motsi kaɗan ya ishe shi. Mayar da koyil, soket ɗin nozul da fiyus. A inji mai fulogi huɗu mai wayoyi, jerin wutar galibi 1-3-4-2 ne, amma lambar da ka sa tun farko ita za ka bi. In ka zuba mai, mota za ta yi hayaƙi na 'yan mintuna, zai wuce. Fitilar inji na iya kamawa saboda soket ɗin da aka cire, a goge ta da kwamfuta.

Takardar da ka rubuta lambobin, sa mata kwanan wata da kilomitar mota ka ajiye tare da takardun motar. Awon baɗi da ita za a gwada shi, kuma da geji ɗaya in da hali.

In za ka sayi mota ko inji

Motar hannu, ko 'yar Kwatano ce ko wadda aka yi amfani da ita a gida, ka je da bakanikenka da gejinsa. Baƙin mai mai kauri yana ɓoye hayaƙi da ƙara na ɗan lokaci, wanki da fenti kuma suna ɗauke ido, amma bawul ɗin da ya ƙone ba ya ɓuya wa allura. Nemi izinin mai motar da ladabi, ka ce a gabansa za a yi. A mota mai fulogi shida da ukun baya ke ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke raba iska ga silinda, aikin ya fi tsawo, sai a yi magana a kan lokaci tun farko.

Injin Beljiyam da ke ajiye a ƙasa kuwa, wani ana iya ɗaura masa kik da batir a auna shi a wurin, wani ba ya yiwuwa domin kik ɗinsa a jikin giya yake zama. In an samu an auna, a tuna a sanyi yake kuma ya daɗe bai ga mai ba, don haka daidaiton silindar za a duba, ba girman lamba ba. In bai yiwu ba, a yi sharaɗi da mai kaya a gaban shaida, a rubuta a jikin rasit: kwana nawa aka bayar na gwaji, kuma in silinda ɗaya ta gaza za a canza. Ranar da aka ɗora injin ya tashi ya yi zafi, a ranar za a ɗaura geji, tun kwanakin ba su fara tafiya ba.